Awon Sanda ta Biyu

"Juya kuma," in ji Baba. "A hankali, 'yata. Inji ne, ba guga kike ja ba."

Na danna doguwar sifanar da hannu biyu. Injin ya juya, ya saki iska ta ramukan da aka cire fulogi, fuuu, kamar numfashin mai barci. Na sake dannawa, ya sake numfasawa. Sai da ya yi zagaye biyu cif Baba ya ɗaga hannu.

Baba makanike ne, kuma maƙwabcinmu. Katanga ɗaya ta raba tsakar gidanmu da garejinsa. Duk layin Baba Sai-an-auna ake ce masa, domin ko tambayarsa ka yi ko yau za a yi ruwa, amsar da za ka samu ke nan. Shekara biyu da rufe garejin, tun da hazo ya fara rufe masa ido, ƙirji kuma ya fara yi masa gardama. Saboda motarmu kaɗai ya sake buɗe shi.

Ƙaramar bas ce. Da ita maigidana yake kwasar yaran layinmu zuwa makaranta, su goma sha huɗu, har da 'yarmu Tsigi mai shekara huɗu, wadda kujerarta ke bayan ta direba. Ranar da aka ba da hutu injin ya ɗau zafi ya mutu a hawan gada, ga tirela a baya. Tazarar da ta rage lokacin da tirelar ta tsaya ba ta kai tsawon tabarma ba. Tsigi ce ta ba ni labarin tana dariya, tana kwaikwayon ƙarar birki. Kwana uku na yi abinci ba ya wuce mini wuya.

Zafin ya lanƙwasa kan injin. Aka kai wa masu gurzar ƙarfe suka gurje fuskarsa ta miƙe, aka sa sababbin bawul, 'yan ƙofofin da iska ke shiga hayaƙi ke fita. Maigidana ya ce saura a ɗaure kawai. Baba ya ce sai an auna.

"Kin ga, an rage wa kan inji kauri, ya sauko ƙasa," ya ce mini tun ranar farko. "Su kuwa sandunan nan ba wanda ya gaya musu. Suna nan da tsawonsu na da."

Sanduna takwas ne na ƙarfe, sirara kamar fensir. Kowacce tana tura gindin wani ɗan ƙarfe mai lilo da suke kira roka, shi kuma ya danna kan bawul da ɗan bakinsa, bawul ya buɗe. Huɗu na bawul masu shan iska, huɗu na masu fitar da hayaƙi. Idan sanda ta yi tsawo ko ta gajarta, bakin roka ba zai sauka a tsakiyar kan bawul ba, sai ya riƙa dannansa a karkace. Baba yana da wata sanda ta awo mai zare a tsakiya, ana murɗa ta ta ƙaru ko ta ragu. Zai shafe kan bawul da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ya tsayar da sandar, ya ɗora roka, ya ɗaure noti, a juya inji. In aka cire roka, inda bakinsa ya taka zai goge tawadar ya bar layi mai sheƙi.

Abu biyu ne suka gagare shi. Hannunsa ba ya iya juya sifanar, idonsa kuma ba ya ganin layin. Maigidana yana tuƙa motar wani kafin tamu ta tashi, ba ya dawowa sai yamma. Shi ya sa ranar Talatar nan ni ce hannun, ni ce idon.

Baba ya laluba ya cire roka. "Faɗa mini gaskiya. Ina ya faɗa?"

Na haska tocila. "Ya ɗan yi gefen waje. Kuma yana da faɗi."

"Ta yi tsawo har yanzu." Ya murɗa sandar rabin zagaye.

"Baba, karo na huɗu ke nan. Ai ya kusa. An ce ido ba mudu ba, amma ya san kima."

"Wanda ya yi karin maganar nan hatsi yake sayarwa." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya dafe jikin motar har ya lafa. "Shafa tawada."

Tsigi tana bakin ƙofa, bayan layin da na ja mata da alli. Akwai ruwan batir a garejin, akwai baƙin mai, akwai ƙananan notuna da yaro zai iya haɗiyewa. Ta san in ta tsallake layin nan sai gida. Tana tsugune, yatsun ƙafarta daidai kan allin.

"Baba, motar barci take yi?"

"Barci take yi, uwar ɗakina."

"To wa zai tashe ta in ka tafi?"

"Ke!" na daka mata tsawa. "Ina ya ce miki za shi?"

Baba ya ci gaba da laluben noti.

A karo na biyar layin ya fito siriri kamar zare, a tsakiyar kan bawul. Baba ya sa na maimaita masa sau biyu, sannan ya naɗe zaren sandar da salatif don kada ta motsa, ya sa ta a bakin ma'auninsa na ƙarfe. Na karanta masa lambar, na rubuta a jikin kwali: ɗari da tamanin da biyu da ɗigo huɗu.

"Wannan ta masu shan iska ce," ya ce. "Gobe sai ta masu hayaƙi."

"Ba ɗaya ba ne?"

"Sababbin bawul ɗin ba uwa ɗaya ta haife su ba. Kowa da tsayinsa." Ya goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa. "In Auta ya zo zai ce miki a mai da tsofaffin sandunan, a sassauta noti, zai ɗauka. Zai ɗauka ɗin kuwa. Mota za ta tashi, kowa ya tafa masa. Amma notin zai tsaya a zare uku, roka yana cin gefen bawul kullum kaɗan-kaɗan. Wata shida, wata takwas. Kuma ba a gareji zai saki ba."

Auta ɗansa ne, babban mutum mai nasa garejin a wancan ɓangaren gari, da mata da 'ya'ya. Ba su cika daɗewa a ɗaki ɗaya da mahaifinsa ba.

Da za mu fita Baba ya shafa kan Tsigi. Sai da muka shiga gida ta ce, "Mama, hannun Baba kamar daga firij."

Laraba bai iya tashi ba. Na leƙa da safe, matarsa, wadda duk muke ce wa Mama, tana ba shi ruwan zafi a cokali domin kofi ya fi ƙarfinsa. Ya gane takuna.

"Saura ɗaya," ya ce.

"Ta jira, Baba. Lafiya ce gaba."

"Makaranta Litinin."

"Kai dai kwanta," in ji Mama. "Shekara arba'in da ɗaya ina jiran ka gama awo."

Alhamis da misalin ƙarfe uku na rana aka ɗauke wuta. Hadari ya haɗo, iska ta tsaya cak, layin ya yi tsit kamar an kwashe mutanen. Ina tsakar gida ina kwashe shanya. Tsigi tana gindin katanga da 'yar tsanarta, wajen da bulo ɗaya ke da ramukan shan iska da ke leƙa garejin.

Sai na ji shi. Fuuu.

Na tsaya da rigar maigidana a hannu. Shiru. Sai kuma ƙarar sifana tana zama a kan noti, sai fuuu, sai fuuu, a hankali, ba gaggawa. Na ƙirga ba tare da na yi niyya ba. Zagaye biyu cif. Ƙofar garejin ta waje tana da kwaɗo, daga ƙofarmu ina iya hango shi. Ɗaya ƙofar ta cikin gidansu ce. Na ce a raina ko Auta ne ya zo. Amma Auta ba ya juya komai a hankali.

Tsigi ta waiwayo. "Mama, Baba ya ce ki zo ki duba masa layi."

Na dube ta. "Wane Baban?"

"Baba mana." Ta nuna ramukan bulon da hannun 'yar tsanar.

Ban je ba. Zan faɗi gaskiya a nan, tunda ban faɗa wa kowa da baki ba. Na sure 'yata, na shige ɗaki, na tura ƙofa, na zauna bakin gado na rungume ta har ta fara mutsu-mutsu tana cewa ina matse ta. Ta jikin bango na ji an sake juyawa. Shiru mai tsawo. Aka sake, karo na uku. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai ɗigon ruwa na farko a kan kwano.

Ruwan bai kai ga kecewa ba na ji ihun Mama.

Na kai Tsigi wurin matar tela da gidansu ke kallon namu, na ce kada ta bar ta ta fito ko da wasa. Ni na fara shiga ɗakin Baba. Baba yana kwance a gefen dama, an lulluɓe shi da bargo har kafaɗa, bakinsa a ɗan buɗe. Takalmansa na roba suna gindin gado, a jere, bakinsu na kallon ƙofa.

"Magani kawai na je saye," Mama tana faɗa tana maimaitawa. "Layi na tarar, shi ya tsare ni. Yadda na bar shi haka na same shi. Ko bargon nan ni na ja masa."

Hannunsa na dama ya zamo gefen gado. Na ɗaga shi don in mayar cikin bargo. A babban yatsa da manuniya akwai baƙar tawada. Ta ranar Talata kuwa a gabana ya goge ta, kuma Mama ta yi masa wanka sau biyu tun daga nan. Na mayar da hannun, na ja bargo. Tafin ƙafarsa yana can ƙarshen gado, abin da zan yi kawai in ɗaga gefen bargon in gani ko akwai baƙin man ƙasan gareji. Ban ɗaga ba.

Kafin mutane su cika gidan na bi ta lungun cikin gida na tura ƙofar garejin. Da duhu, ruwa yana dukan kwano. Na kunna tocilar waya. Doguwar sifanar tana maƙale a gaban inji. An shimfiɗa tsumma mai tsabta, roka ɗaya a kai da notinsa a gefe. Sandar awo tana kwance kusa da su, an cire tsohon salatif an naɗa sabo. Maka tana nan ba murfi. Na taɓa bakinta, ta yi mini ɗigo a yatsa.

Na haska kan bawul na hayaƙi. Baƙi ƙirin, da layi siriri mai sheƙi a tsakiya.

Na rufe makar. Na ɗauki sandar awon na soke a ƙugu. Sannan na kwashe tsofaffin sandunan nan takwas daga cikin tire, na naɗe su a gefen zanena, na fita da su ta cikin masu shigowa ba wanda ya kula. A gida na cusa su ƙasan akwatin kayan jariran Tsigi.

Asabar da hantsi, bayan baƙi sun ɗan ragu, Auta ya buɗe garejin. Idonsa jawur, bai yi aski ba. Maigidana yana biye da shi, wayarsa tana ta ƙara, iyayen yara na tambayar Litinin.

"Awa biyu na gama maka ita, Direba," in ji Auta. "Shi ne abu na ƙarshe da ya taɓa, gara in kawar da ita daga idon Mama." Ya duba tire, ya duba ƙarƙashin benci. "Ina sandunan?"

"Suna wurina," na ce daga bakin ƙofa.

Maigidana ya juyo. "Maman Tsigi, me kike yi da su?"

"Ajiya."

"To ɗauko."

"Ba za su koma cikin motar nan ba. An gurje kan inji, sun yi tsawo. Ga awon da Baba ya yi." Na miƙa kwalin da sandar.

Auta ya kalli kwalin, ya yi wani murmushi marar daɗi. "Matar yaya, yaushe kika zama makanike ba a gayyace mu biki ba? Wannan notin da kike gani don me aka yi shi? A sassauta, ya ɗauka. Inji nawa na haɗa a haka."

"Nawa ne a ciki suke ɗaukar 'yata?"

"Kar ki kawo mana fitina a gidan makoki," maigidana ya ce ƙasa-ƙasa. "Mutane sun dogara da ni. Me zan ce musu?"

"Ka ce musu Laraba. In kuma ka fi so, ni zan bi gida goma sha uku in gaya wa kowace uwa dalili. Tsigi dai ba za ta shiga ba, ko a bayana ne na goya ta zuwa makarantar."

Auta ya ɗaga sandar awon yana juya ta. "Wannan kuma yaushe ya auna ta?"

"Alhamis."

"Alhamis." Muryarsa ta sauya. "Mutumin da cokali ake ba shi ruwa? Wanda ko fuskata ba ya ganewa sai na yi magana? Ki ji tsoron Allah."

"Ban ce ka yarda da ni ba. Ga maka, ga sifana. Ni zan juya."

Na je na ɗauko tsohuwar sanda guda ɗaya tak. Ya karɓa da fushi, ya shafe kan wani bawul na hayaƙin da tawada, ya tsayar da ita, ya ɗora roka. Da ya ɗaure noti na ga ya ɗan dakata, yatsansa a kan ƙusar, yana jin zaren da notin ya kama. Ya matsa gefe. Na juya zagaye biyu. Ya cire. Tabon ya yi faɗi kamar an shafa da yatsa, ya zame har gaɓar bawul ɗin.

"Yanzu sa ta Baba," na ce.

Ya goge, ya sake shafawa, ya sa. Injin ya numfasa sau ɗaya, sau biyu, ƙarar kuwa ita ce dai wadda na ji ta katanga, ba bambanci. Auta ya cire roka. Ya karɓi tocila daga hannuna ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye.

Maigidana ya leƙa ta kafaɗarsa. "Yaya?"

Auta ya miƙe. Ya ɗauki ma'aunin mahaifinsa ya sa sandar a bakinsa. "Ɗari da tamanin da ɗaya da ɗigo shida." Ya kalli lambar da ke kwalin. "Ba ɗaya ba ne da na shan iskan."

"Ya ce ba uwa ɗaya ta haife su ba."

Wata 'yar dariya ta ƙwace masa. Ya zauna a kan tsohuwar taya, sandar a kan cinyarsa. "Ina da shekara goma sha tara ya sa na yi wannan awon sau goma sha ɗaya a rana guda. A na goma sha biyu na ajiye masa sifana na kama gabana." Ya shafa salatif ɗin da babban yatsa. "Dubi naɗin. Shi kaɗai yake lanƙwasa bakin salatif don a ji daɗin ɓarewa." Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya juya masa?"

"Ban sani ba."

"Wa ya duba masa layin?"

Na sunkuyar da kai. Maigidana ya kalle ni, ya kalli Auta, ya fita waje da wayarsa. Na ji shi yana cewa, "A yi haƙuri, Hajiya, sai Laraba. E, Laraba. Sai an gama awo."

Auta ya rubuta lamba ta biyu ƙarƙashin tawa. Kwana biyu ya yi yana yawo kafin ya samu huɗu na wannan tsawo, huɗu na wancan. Ranar Talata ya haɗa injin shi kaɗai, kuma ta ramukan bulo na ji shi yana juyawa, yana tsayawa, yana juyawa, bawul bayan bawul, takwas ɗin duka. Wannan karon ban shige ɗaki ba. Na tsaya na gama wanke-wankena.

Laraba da safe na sa wa Tsigi kayan makaranta, na ɗaure mata takalmi, na kai ta da kaina har kujerarta. Na ja bel ɗin sau biyu in tabbatar ya kama. Maigidana ya murɗa makulli. Motar ta tashi a bugu ɗaya, ta tsaya tana gunji ƙasa-ƙasa, sumul. Yara suka yi shewa. Ya yi baya da ita daga garejin, ya miƙe layin, ya tsaya gidan tela, ya tsaya gidan mai kanti, ana ta cusa ƙananan jakunkuna. Na bi ta da ido har ta sha kwana, na ci gaba da sauraro har ƙararta ta gauraye da ta babban titi. Sannan na saki numfashi.

Da na juyo, Mama ta fito ta ƙofar cikin gida da tsintsiya. Garejin ya yi faɗi, ya yi haske. Inda motar ta tsaya wata guda ya bar wuri mai tsabta, ƙura ta zagaye shi. Ba ta gan ni ba. Ta faro shara daga can ƙurya, a sunkuye, hannu ɗaya a baya. Da ta zo gaban benci, inda Baba ya saba tsayawa, sai ta ɗan buga ƙasa da bakin tsintsiyar.

"Ɗaga ƙafa," ta ce.

Ta tsaya tana jira, tsintsiyar a sama.